Abin da aka tsayar a fada kan 'yan damfarar waya

Daren jiya a fadarmu ta Maradi, shayi ya huce ana maganar damfara. Abin da kowa ya amince da shi: lambar sirri ta Airtel Money ko katin banki ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake. Ma'aikacin gaske ba ya tambayarta.

An fi daɗewa kan saƙon "na turo maka kuɗi bisa kuskure". Wani ɗan kasuwa ya ce jaka hamsin ya mayar kafin ya duba asusunsa, ashe ko dala ba ta shiga ba. A fara duba asusu tukuna.

Mai neman taimako ta WhatsApp da sunan ɗan'uwa kuwa, a kira tsohuwar lambar ɗan'uwan a ji muryarsa. In an riga an cuce ka, ka ajiye saƙonnin ka kai wa 'yan sanda.