Cigiyar kalma: shaho da kurciya dai ba za su yi ba

Jama'a masu Hausa a baki, musamman ku ma'aikatan gidajen rediyo da malaman makaranta na nan Sakkwato, ina da cigiya. Akwai kalmomi biyu da Turawa ke jifan juna da su duk sa'ad da anka shiga gardamar a tafi yaƙi ko kar a tafi, wato hawk da dove. Na farko shi ne mutumin da kullum bakinshi a kai hari, a tura soja, a ƙara kuɗin makamai, na biyu kuma shi ne mai cewa a dakata tukuna a zauna a yi magana. Sunayen tsuntsaye ne dai, shaho da kurciya. To mi za mu kira su da Hausa, yadda in mutumin Gwadabawa ko Tambuwal ya ji a labaran ƙarfe takwas zai gane ba sai an tsaya yi mishi dogon sharhi ba?

Don a san inda abin ya samo asali, ta shahon ta tsufa, tun wajen 1812 ake kiran 'yan majalisar Amurka irin su Henry Clay da ita saboda sun matsa lamba sai an yaƙi Ingila. Haɗa su biyun wuri ɗaya kuma ya bazu ne a 1962 lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet sunka kusa kaurewa kan makamai masu linzami a Kyuba, daga nan yaƙin Biyetnam ya zo ya mai da su abin da kowace jarida ke rubutawa kullum.

Da na baza cigiyar nan, na ga amsar farko da ta shigo ita ce a bar su yadda suke, 'yan shaho da 'yan kurciya, ai kowa ya san tsuntsayen. Ƙanena, gwada ka je kasuwar Kara ka ce wane ɗan kurciya ne ka ga yadda za a kalle ka. Mu nan in anka ambaci kurciya game da mutum ba zaman lafiya ke zuwa a rai ba, asiri ke zuwa, "an yi mishi kurciya", ya bar gida ya shiga duniya ba waiwaye. Su Turawa kurciyarsu ta fito ne daga labarin jirgin Annabi Nuhu yadda yake a littafinsu, wadda ta dawo da ganyen zaitun a baki, mu ba mu taso da wannan hoton ba. Tantabara kuma da wata 'yar'uwa ta kawo, ita wannan sai dai hirar masoya da masu kiwo. Shaho shi ma matsalarshi daban, in ka ce wa mutum shaho ko dai ka yabe shi da zafin nama ko ka ce mai wawuso ne, babu inda ra'ayin siyasa ya shigo. Don haka tsuntsayen nan a sake su su tashi.

Wani malami daga jami'ar Ɗanfodiyo ya rubuto cewa mi ya kawo wahala, a ce masu son yaƙi da masu son zaman lafiya shi ke nan. Allah gafarta Malam, da girmanka, nan ne ban yarda ba, kuma a nan nike son mu ɗan daɗe. Wanga suna ya riga ya yanke hukunci tun ba a fara shari'a ba. Wa zai yarda a kira shi mai son yaƙi? Ko wanda ya fi kowa zafi cewa zai yi shi ma zaman lafiyar yake so, hanyarshi ce ta bambanta, a murƙushe abokin gaba yau don kar ya dawo gobe. In ɗan jarida ya kira ɓangare ɗaya masu son zaman lafiya ya riga ya shiga faɗan, kamar alƙalin wasa ne ya sa rigar kulob ɗaya ya shigo fili.

Ku dubi abin da ya faru a Amurka a watan Mayun 1970. Ranar 4 ga wata dakarun tsaron jihar Ohayo sunka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam a jami'ar Kent, ɗalibai 4 sunka mutu. Ranar 8 ga wata ɗalibai sunka fito a birnin Niyok, sai ga leburorin gini da hulunan kwanonsu na aiki sun sauko daga kan gine-gine sun far musu da duka, har sunka wuce ofishin magajin gari sunka tilasta a ɗaga tutar da anka sassauto don makokin waɗancan ɗaliban. To su waɗannan leburorin masu son yaƙi ne? Da yawansu 'ya'yansu da ƙannensu ne ake kwasa a kai fagen daga, alhali ɗalibin jami'a doka ta ba shi damar a ɗage mishi shiga soja har ya gama karatu, haushinsu ke nan, suna ganin 'ya'yan masu hali na zagin tutar da nasu 'ya'yan ke mutuwa a kanta. Ni ina ganin ɗaliban ne ke da gaskiya kan yaƙin, amma in ka fassara labarin nan da "masu son yaƙi sun daki masu son zaman lafiya" ka zubar da rabin labarin. Shi ko Shugaba Nixon ya san amfanin da zai ci, shugaban ƙungiyar magina na Niyok Peter Brennan daga baya ministan ƙwadago ya ba shi.

Kuma sunayen zagi ai su ne makaman faɗan kanshi. Zakaran damben boksin Muhammad Ali da ya ƙi shiga soja a Afrilun 1967 an ƙwace kambunshi, an yanke mishi shekara 5, sai 1971 kotun ƙoli ta soke hukuncin, a tsakanin nan ba irin sunan da ba a kira shi ba, matsoraci, maci amanar ƙasa. Barbara Lee ita kaɗai ta ce a'a a majalisar wakilan Amurka ranar 14 ga Satumban 2001 da anka nemi a ba Shugaba Bush izinin amfani da ƙarfin soja, ƙuri'a 420 da 1, har barazanar kisa ta sha. Su ma masu zanga-zangar ba su bar nasu ba, 'yan jari-hujja, masu shan jini, 'yan kwangilar makamai. Duk waɗannan muna da su da Hausa tuli, ba su nike nema ba. Ina neman sunan da shi mai ra'ayin zai ji ya ce eh, ni ne, kuma ba na jin kunya.

Wata Hajiya ta ce to su masu sukar 'yan zanga-zangar ai an riga an san su, masu ra'ayin 'yan mazan jiya, kamar yadda gidajen rediyon waje ke cewa. Ranki ya daɗe, wannan kalmar ma tana da nata ciwon kai. 'Yan mazan jiya a bakinmu ai tsofaffin sojoji ne, su ake tunawa duk 15 ga Janairu. To a Afrilun 1971 tsofaffin sojojin da sunka dawo daga Biyetnam ne da kansu sunka taru a Washintan sunka rinƙa jefar da lambobin yabonsu a gaban majalisa, John Kerry na cikinsu har ya ba da bahasi gaban sanatoci. Ki fassara min wannan, 'yan mazan jiya sun yi wa masu ra'ayin 'yan mazan jiya bore? Mai sauraro sai ya kashe rediyon. Ni na fi son masu ra'ayin riƙau, ta fi fita fes, amma wannan hirar wata rana ce.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne riƙau daban, hawk daban, kar a cakuɗa su. Shugaba Johnson da ya tsunduma Amurka cikin Biyetnam ɗan Dimokurat ne. Firaministan Ingila Tony Blair da ya bi Bush zuwa Iraƙi a 2003 ɗan Leba ne, kuma ɗan jam'iyyarshi Robin Cook ne ya ajiye muƙami don ƙin yaƙin, bayan wancan gangamin na 15 ga Fabrairu da ya cika titunan Landan. A ɗaya gefen ɗan majalisar Amurka Ron Paul ɗan Rifablikan ne, jam'iyyar Bush, amma ƙuri'ar a'a ya jefa kan yaƙin Iraƙi.

Mu ma ai ba sai mun je nesa ba. Da sojoji sunka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ba da wa'adin mako ɗaya ta ce in ba a mai da shi ba za a yi amfani da ƙarfi, anka rufe iyaka, anka yanke wutar da ake ba Nijar, duk wanda ke da ɗan'uwa a Illela ya san yadda motocin kaya sunka yi layi albasa na ruɓewa a ciki, dangi a Ƙonni ba halin zuwa ko gaisuwar mutuwa. Su wa sunka tsaya kai da fata sunka ce ba za a yi wanga yaƙi ba? Sarakuna da malamai da sanatocin Arewa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami su anka tura Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta je ta ga Janar Tchiani, majalisar dattawa ta ƙi amincewa da batun tura soja. In dai riƙo da al'ada da addini ne ma'aunin riƙau, to masu riƙau ɗinmu su ne doves ɗin, akasin yadda yake a Amurka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muna buƙatar kalmomi namu masu zaman kansu.

To ga tawa shawarar, kuma ba daga sama na ɗauko ta ba. Muna da 'yan a-ware, kowa ya san su, ba wanda ya taɓa neman a yi mishi bayani, an sa musu suna ne da abin da suke kira a yi. A bi wannan sawun: 'yan a-gwabza da 'yan a-sasanta. Gwada a jimla ka ji, "'yan a-gwabza a majalisar Amurka sun matsa wa shugaban ƙasa kan Iran", "'yan a-sasanta sun yi gangami a Landan". Yana zama a baki, yana da tilo, ɗan a-gwabza, 'yar a-sasanta, kuma ba zagi a ciki, namiji in anka ce mishi ɗan a-gwabza ba zai ji an muzanta shi ba, sasanci kuma ba wanda ke jin kunyarshi tunda addini ma ya ce sulhu alheri ne.

Wani dattijo daga Illela, ta hannun ɗanshi, yac ce shi 'yan sulhu ya fi mishi sauƙi, "mi ad da wani a-sasanta, ku yaran zamani da son tsawaita magana". Baba, Allah ya ƙara girma, da shekara goma baya ne da na bi ka. Amma yanzu kalmar sulhu ta ɗauki wani kaya a yankinmu, da ka ce ɗan sulhu hankalin mutumin Sabon Birni ko Isa zai tafi kan gardamar a yi sulhu da 'yan bindiga ko kar a yi, kuma wanda anka kashe wa 'yan'uwa ba zai ji ta a matsayin suna mara ɓangare ba. Ko da yake in an duba ita ma waccan gardamar ta 'yan a-gwabza da 'yan a-sasanta ce, har da zargin juna iri ɗaya, wannan ya ce kai ɗan koren ɓarayi ne, wancan ya ce kai kana cikin gari kana zuga a kashe 'ya'yan talakawa.

Gyaran da na karɓa hannu biyu shi ne na wata malamar sakandare da tac ce ba duk mai ƙin yaƙi ne ke neman sasanci ba. Haka ne Malama. Ali bai ce a zauna teburi da kowa ba, cewa ya yi shi ba ya da rigima da mutanen Biyetnam kuma addininshi bai yarda ya je ba. Irin wannan sai a ce mai ƙin shiga soja bisa aƙida, dogo ne amma ba kullum ake buƙatarshi ba. Masu fita titi da kwalaye kuma sunansu na nan, masu zanga-zangar ƙin yaƙi, ba sai an taɓa shi ba. 'Yan a-sasanta na 'yan siyasa ne da masu sharhi da masu faɗa a ji, waɗanda ke cikin ɗakin da ake yanke shawara ko suke kusa da ƙofarshi.

Saura guda da wani ya jefo da dare, chickenhawk, wato an haɗa kaza da shaho, mutumin da ya zille wa shiga soja da ƙuruciyarshi amma ya girma ya fi kowa kiran a kai hari. Dick Cheney, mataimakin Shugaba Bush, aka fi jifa da ita tunda sau 5 ana ɗage mishi shiga soja lokacin Biyetnam sannan ya zo ya zama na gaba-gaba a yaƙin Iraƙi. Wannan kam tunda dama zagi ce ba ruwanmu da adalci, kuma ba sai mun ƙirƙiri komai ba, ɗan ingiza-mai-kantu-ruwa ne. Wani ya ce ɗan zuga ya fi gajarta, to duk wadda ta zo baki.

A-gwabza ɗin ce dai har yanzu ake ja, mutum biyu sun ce a-fafata ta fi, ɗaya ya ce a-kafsa. Fafatawa ta yi kusa da ƙwallo da zaɓe, har muhawarar 'yan makaranta fafatawa ake ce mata, ba ta da nauyin jini. Kafsawa ban ƙi ta ba. Ku da ke karanta labarai a Rima da sauran tashoshi ku gwada su biyun da baki da ƙarfi, gwabza da kafsa, ku faɗa muna wadda ba ta sarƙe harshe in ana sauri.