Wane bala'i ne ya fi cin rayuka a tarihin duniya?

Malamin firamare, Azare:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da aji shida a nan Azare. Tun damunar 2024, da ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, yaran ajina ba sa rabuwa da zancen ambaliya. Shekaranjiya wata yarinya, wadda iyayenta suka taso daga ƙauye bayan ruwa ya kwantar da ɗakunansu na ƙasa, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ruwan garinmu ne ya fi kashe mutane a duniya?" Na ce mata a'a. Ta ce to wanne ne? Nan na tsaya. Na yi mata alkawari ranar Litinin zan zo mata da amsa, kuma ba na so in ba ta amsar da ka, domin yarinyar nan da gaske take tambaya. Masu sani ku taimaka mini.

Tsohon ma'aikacin dam, Dadin Kowa:

Wa alaikumus salam Malam. In dai ana maganar ruwa ne, ƙasar Sin za ka nufa. A 1931 kogin Yangtze da kogin Huai suka yi ambaliyar da har yau ake sa ta a kan gaba. An yi shekarun fari kafin nan, sai ƙanƙara mai yawa ta zuba da sanyi, ta narke, damuna kuma ta zo da ƙarfin da ba a saba gani ba. A birnin Wuhan da kwale-kwale ake bin tituna. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya faro daga dubban ɗaruruwa har zuwa kusan miliyan 4, kuma abin da nake so ka riƙe shi ne, mafi yawansu ba nutsewa suka yi ba. Ruwa ya cinye shinkafar da ke gona da wadda ke rumbu, yunwa ta biyo baya, kwalara ta ƙarasa.

Kafin wannan akwai ta 1887, ta Rawayen Kogi, wadda ta ci aƙalla mutum 900,000. Ita ce ta fi tsaya mini a rai saboda aikin da na yi. Kogin yana ɗauko laka mai yawa yana zubarwa a cikinsa, gindinsa na ta tasowa, mutane kuma na ta ƙara wa ganuwar da suka tare shi tsawo, har ya zama ruwan na gudu a saman gonaki da gidaje. Ranar da ganuwar ta fashe a lardin Henan, babu tudun da za a gudu a hau. Duk wanda ya ga yashin da Gongola ke kwasowa kowace damuna zai gane abin da nake nufi.

Magini, Bauchi:

Baba ya gama da ruwa, ni bari in kawo ta gini. Girgizar ƙasar Shaanxi ta 1556, a Sin ɗin dai, an rubuta ta ci mutum kusan 830,000, saboda jama'a a kogunan da suka haƙa cikin tudun ƙasa mai taushi suke kwana, ƙasar ta rufta da su. A 2010 kuma Haiti ta yi girgiza a watan Janairu, mutum fiye da 100,000 suka tafi, gwamnatinsu ma ta ce sun haura 300,000. Wata na gaba Chile ta yi wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, mutum ɗari biyar da 'yan kai suka rasu. Bambancin rodi ne da siminti da bin dokar gini. Shi ya sa raina ke ɓaci in mai gida ya ce in rage siminti a bulo, ko in ga ana aza tushe a bakin kwari.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:

Malam, Allah ya saka da kulawarka da yarinyar nan. Amma ina roƙonka kada ka je mata da lissafin gawa kaɗai. Yarinyar da ta ga ɗakin uwarta ya faɗi tana neman wanda zai ce mata ana iya tsira. Ba ta labarin Bangaladash. A Nuwamban 1970, lokacin ana kiran ƙasar Gabashin Pakistan, guguwar Bhola ta turo teku kan tsibirai cikin dare, aƙalla mutum 300,000 suka mutu. A 1991 wata ta ci kusan 138,000. Sai suka dage da gina mafaka masu tsawo a kan ginshiƙan kankare, da yawansu makarantu ne irin taka, suka horar da 'yan sa-kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika. Da guguwar Sidr ta zo a 2007, mutanen da aka rasa ba su kai 5,000 ba. Kowane rai babba ne, amma dubi tazarar.

Maganar Baba ta kwalara kuma gaskiya ce. Bayan ruwa ya janye ne muke cika da masu amai da gudawa, saboda masai ya haɗu da rijiya. Ka koya wa ajin tafasa ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari.

Dattijo manomi, Misau:

Ɗana, duk kun tafi ƙasashen nesa. Kakata ta sha ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1914, da mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Ni kuma da idona na ga farin 1973, shanu na faɗuwa a kan hanya. Fari ba ya zuwa da ƙara kamar ruwa, shi ya sa ake mantawa da shi a irin wannan lissafi. Ka sa shi a ciki.

Malamin firamare, Azare:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Misau, na rubuta Kakalaba a saman takardata, zan kuma ce kowane yaro ya tambayi tsohon gidansu abin da ya tuna na 1973. Hajiya, da Bangaladash zan rufe darasin. Na aro taswirar duniya a wajen abokin aikina don ta ga inda Yangtze yake da inda kogin Jama'are yake. Baba na Dadin Kowa, in na zana kogin da ke gudu a saman gari a allo, zan turo hoton ka duba mini ko na yi daidai kafin Litinin.