Ƙaramar mota ko babba: wacce ta fi riba a harkar kayan gaggawa a Amurka?

Mai Sprinter: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan kan bakana: a harkar kayan gaggawa, wato kai lodin da ake bukata cikin hanzari, mai ƙaramar mota irin Sprinter ko Ford Transit ya fi mai babbar motar akwati cin riba. Muddin nauyin motar a takarda bai kai laba 10,001 ba, dokar awannin tuƙi ba ta hau kanka ba, ba ruwanka da na'urar ELD mai rubuta awannin tuƙi, ba ka bukatar lasisin CDL na tuƙa manyan motoci. Galan ɗaya na kai ka wajen mil 18, babbar kuwa da ƙyar take yin 10.

Mai lissafi: Wa alaikumus salam. Malam, batun mai gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A ɗauka dillali ya ba ka dala 1 a kowane mil, lodin mil 800. Kafin ka isa wurin ɗauka ka yi mil 150 fanko, bayan saukewa ka ƙara 50 zuwa garin da ake samun lodi. Tayarka ta ci mil 1,000, an biya ka dala 800, wato senti 80 ke nan. Idan galan na dala 3.60, mai ya kwashe dala 200. Hukumar haraji ta IRS ma senti 70 ta sa a matsayin kuɗin tafiyar mil ɗaya a 2025. To me ya rage?

Mai Sprinter: Senti 70 ɗin nan ma'aunin haraji ne, Malam, ba abin da ke fita daga aljihu ba. Motar da ke shan hanya sosai ba ta cin haka.

Mai lissafi: Na yarda, in tana shan hanyar. Akwai kuɗin da ba ya barci: biyan bashin mota, inshora, waya. A ce sun tashi dala 2,000 a wata. Ka yi mil 8,000, senti 25 ne a kan kowane mil. Kasuwa ta yi sanyi ka yi 4,000, sun koma senti 50. Kuma zaman jiran lodi kwana biyu ko uku a tashar mai ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a.

Tsohon direba: Ɗana, sauƙin shigar da kake yabo shi ke karya farashin. Duk mai lasisin tuƙi na yau da kullum zai iya sayen ƙaramar mota, sai motoci su fi lodi yawa, dillali ya zaɓi mai araha. Ƙaramar tana ɗaukar faleti, wato katakon da ake jera kaya a kai, biyu ko uku masu inci 48 da 40. Babbar tana ɗaukar nata lodin, in ta matsu ta ɗauki naka, kai kuwa ba ka iya ɗaukar nata. Sannan doka ta ba direba awa 11 na tuƙi cikin awa 14, sai hutun awa 10. Shi ya sa kamfanoni irin su FedEx Custom Critical da Panther ke son direbobi biyu a mota ɗaya, sau da yawa miji da mata: ɗaya na barci, ɗaya na tuƙi. Kayan masana'antar mota daga garin Laredo na kan iyakar Meksiko zuwa jihar Mishigan ba sa jiran mai hutu.

Makanike: Baba ya yi gaskiya, amma a faɗi kuɗin gyaran babbar ma. Tayoyinta shida ne ko goma, juyen baƙin manta ya ninka na ƙaramar. Abin da ke kwantar da duka biyun shi ne barin inji yana aiki a tsaye duk dare saboda sanyi. Kunkunniya na toshe matatar hayaƙi ta DPF, ko na'urar ruwan DEF mai rage gubar hayaƙi ta rikice, kwamfuta ta rage wa motar gudu, ga kaya a baya, ga agogo na tafiya. Hita mai zaman kanta, wadda ke ɗumama mota ba sai an kunna inji ba, ta fi wannan gyara araha nesa ba kusa ba. A riƙa ware kuɗin gyara daga kowane lodi tun motar na da lafiya.

Mai lissafi: Ga haraji kuma. Mai mota ba ma'aikaci ba ne, yana biyan kashi 15.3 cikin ɗari na mai zaman kansa, ban da harajin kuɗin shiga, kuma sau huɗu a shekara. Wanda ke ƙarƙashin dokar awanni yana cire kashi 80 na kuɗin abincin hanya, mai ƙaramar mota kashi 50 kawai. Inshora ma, doka ta ce mafi ƙarancin diyyar da za ta iya biya dala 300,000 ce ga ƙarama, 750,000 ga babba, amma yawancin dillalai sai da ta miliyan 1.

Tsohon direba: Mai shiga ƙarƙashin kamfani ya karanta yarjejeniya da kyau: kashi nawa suke cirewa, ko ƙarin da masu kaya ke biya saboda tsadar mai yana isowa gare shi dukansa, kuma kuɗin ajiyar da kamfani ke riƙewa a matsayin jingina dole a mayar masa cikin kwana 45 bayan rabuwa.

Mai Sprinter: Na ji, Baba. Amma a Yunin 2022 da dizal ya haura dala 5.80, mai galan ɗaya a mil 10 da babban bashi ne ya fi jin jiki. A kawo lissafin babbar mota mai direba ɗaya, ba biyu ba, mu gwada da nawa.