Wa ya taɓa cin karo da 2,147,483,647?

Mai rubuta manhaja, Sharaɗa: Assalamu alaikum. Na rubuta wa wani dila a Kantin Kwari manhajar lissafin ciniki, kuma da kwabo nake ajiye kuɗin don kada ko sisi ya salwanta. Wata Asabar ya kira ni muryarsa na rawa, wai jimillar cinikin atamfa ta koma bashi. Na tari adaidaita sahu na je, na tarar yaransa sun zagaye kwamfutar, kowa na rantsuwa bai taɓa komai ba. Gaskiyarsu ce. Cinikin ne ya haura naira 21,474,836 da kwabo 47, wato kwabo 2,147,483,647. Gurbin da na ware wa lambar mai bit 32 ne (bit shi ne ƙwayar 0 ko 1 da kwamfuta ke ajiye lamba da ita), iyakar abin da yake ɗauka ke nan. Da an ƙara ɗaya sai ta juye zuwa -2,147,483,648. Na mayar da shi bit 64 aka zauna lafiya. Akwai wanda ya taɓa haɗuwa da ita?

Malamin lissafi, Gwale: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk shekara sai na rubuta wa 'yan aji shida ita a allo, na ce su nemo min lambar da za ta raba ta babu ragowa. Mara ce, 2 ta fita. Ba ta ƙare da 5 ba. Alƙalumanta idan aka tara 46 ne, 3 ma ta fita. Daga nan aji kan yi tsit. Babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Ka jera 2 guda 31 ka ninka su, ka cire 1, ita ce. Irinsu ake kira lambobin Mersenne, kuma masanin lissafi Euler ne ya tabbatar wannan ba ta rabuwa a 1772, tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Har 1867 babu wadda aka sani ta fi ta girma a marasa rabuwa.

Ɗaliba a Jami'ar Bayero: Malam, ni na ɗauka duk lambar Mersenne haka take, sai da na gwada da 2 guda 11. Ta ba ni 2,047, ashe 23 sau 89 ce. Ita kuwa babbar na sa kwamfuta ta gwada rabawa har 46,340, tunda wuce nan maimaici ne. Ko ɗaya ba ta shiga ba.

Injiniyan kwamfuta, Farm Centre: Yallaɓai mai manhaja, ka duba agogon tsarin naka ma. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙa ne tun daga 1 ga Janairu 1970 a gurbi irin wannan, kuma zai cika ranar 19 ga Janairu 2038. Na taɓa tura kwanan watan wata tsohuwar na'ura gaba don gwaji, tana wuce ranar sai ta nuna min 1901.