Neman shawara kan gwajin ruwan Kubanni da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwana. Ina koyar da kimiyyar muhalli ga 'yan aji biyar na sakandare a nan Zariya, kuma wani aiki ya tsaya mini.

So nake yara su auna gurɓatar ruwa da hannunsu, su kwatanta ruwan kogin Kubanni da na rijiyar unguwarsu. Hanyar da na ɗauka ita ce gwajin BOD, wato na gano yawan oksijin da ƙwayoyin cuta ke zuƙewa a ruwa: a auna iskar oksijin da ke cikin ruwa yau, a rufe wata kwalba ruf a ajiye a duhu kwana 5 a zafin digiri 20 na Salshiyas, sannan a sake aunawa. Bambancin shi ke nuna yawan ƙazantar da ƙwayoyin cuta suka cinye. Sinadaran Winkler, wato na auna oksijin a ruwa, muna da su, yaran ma sun iya ɗiga sinadarin tayosalfet har shuɗin sitaci ya ɓace.

Matsalar ita ce zafi. A bazara ɗakin gwajinmu kan kai digiri 35 da rana, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Na saka kwalaben cikin randa da jiƙaƙƙen yashi, ruwan ya yi sanyi, amma da rana zafinsa ya hau, da asuba ya sauka. A kwalaben Kubanni oksijin ya ƙare ƙarƙaf kafin kwana na biyar, babu abin lissafawa.

Shin in tsinka ruwan Kubanni da tsaftataccen ruwa, kuma kashi nawa? Ko in haƙura sai hunturu? Don Allah wanda ya taɓa yi ba tare da firji ba ya taimaka mini.