Musayar Waƙa: "Ihu" na Edvard Munch

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan zaure. Zanen wannan makon na Edvard Munch ne, ɗan ƙasar Norway, wanda ya yi a 1893, ake ce masa "Ihu". Amsa-amo "wa" ne. Ga buɗi:

Wani na kan gada, kansa kamar ƙoƙo,
Baki a wangame, ido na firgitawa.
Sama ta yi ja wur, ta hau lanƙwashe-lanƙwashe,
Ruwan Oslo a ƙasa shi ma yana murɗawa.
Mutum biyu can baya sun kama gabansu,
Ko waige babu, balle tambayawa.
Ku faɗa mini me ya sami bawan Allah,
Da har yau duniya ta kasa mantawa?

Ɗan Kwari:
Allah gafarta Malam, ni ban ga abin ba,
Ɗana da gawayi zai iya zanawa.
Ba gashi, ba gira, hanci ɗigo biyu,
Wannan ne Turawa ke ta yabawa?
Ɗan'uwan zanen na 1895 an yi gwanjonsa,
A 2012, New York, ana ta ƙarawa,
Har dala miliyan 120 saura kaɗan,
Mai saye ya biya, ba ko tayawa.
Ɓarayi sun ɗauke na 1893 a 1994, wani kuma a 2004,
Kuɗi ke ihu a nan, ku daina wahalarwa.

'Yar Damagaram:
Yaya, sake duba inda hannayen suke,
Ba kuka yake ba, kunne yake toshewa.
Malam, afuwa, ba gada ba ce kuma,
Hanyar tudun Ekeberg ce a Oslo, mai hawa.
Munch da kansa ya rubuta yadda aka yi:
Yana tafe da abokai biyu, rana na faɗuwa,
Sama ta rikiɗe ta koma jini,
Ya jingina da shinge, gajiya na cinyewa.
Abokai suka wuce, shi ya tsaya yana kyarma,
Ya ji ƙara cikin halitta, ba ta ƙarewa.
Su ba su ji komai ba, shi kaɗai ya ji,
Abin da ya zana ke nan: kaɗaicin saurarawa.

Inna Mai Jinya:
'Yata, kin kawo mu bakin ƙofa,
Bari in shiga ɗakin da ake jinyatawa.
Munch na da shekara biyar, a 1868,
Tarin fuka ya ɗauke masa uwa.
A 1877 ya dawo gidan nan dai,
Yayarsa Sophie, tana 15, ta bi sahun tafiyawa.
Ya zana ta a kan matashi, fuska fari fat,
Jan gashi, ido ya wuce mai lallashewa.
Gefenta mace ta sunkuyar da kai ƙasa,
Ta riƙe hannun, ta kasa ɗagowa.
Ni na ga irin sunkuyon nan a asibiti,
Na wadda ta gane, take ɓoyewa.
Sau shida ya zana "Yarinya Marar Lafiya",
Shekara arba'in yana kankara yana sakewa.

Ɗan Kwari:
Inna, na ji, Allah Ya ba mu lafiya,
Amma ga abin da ba ku son taɓawa:
A kusurwar saman "Ihu" an rubuta da fensir,
"Mahaukaci kaɗai zai iya zanawa."
In mai kaya ya kushe kayansa,
Ni dillali me zan tsaya karewa?

'Yar Damagaram:
Rubutun nasa ne, Yaya, ban musa ba,
A 2021 gidan tarihin Norway ya gama tantancewa.
Sai dai a 1895 wani ɗalibin likita
Ya ce kan Munch ba daidai ba, jama'a na saurarawa.
Ga ƙanwarsa Laura na fama da taɓuwa,
Maganar ta soke shi inda ke zafi da daɗewa.
Gorin da aka yi masa ya kwashe,
Ya manna a goshin zanen, ya bar mai dubawa.

Malam Mai Alli:
Na karɓi gyaran gada, 'yata. Ɗan Kwari, kai ma ba kai ka fara kushen ba:

A 1937 'yan Nazi suka ce lalatacce ne,
Duk zanen da ke nuna ciwo ba rufewa.
Na Munch 82 aka sauke a Jamus,
Na Kirchner, mai zanen Jamus, sama da 600 aka kwashewa.
Shi da ya zana titin Berlin, fuskoki a tsuke,
A 1938 a Davos ta Switzerland ya kashe kansa, ya gaza jurewa.
In da wasan yara ne da gawayi,
Me ya sa hukuma ta tashi da hanawa?

Mako mai zuwa shuɗin dokin Franz Marc na 1911, amsa-amo "ri".

Ɗan Kwari:
Doki shuɗi kuma, Malam? To, ina nan tafe,
A kai shi hawan Daushe mu ga mai hawa.