Masu yin fasfo daga ƙananan garuruwa, don Allah ku zo mu ji yadda kuka kwashe

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman waɗanda suka taɓa yin fasfo ko sabunta shi alhali ba a babban birni suke zaune ba. Nawa saura wata bakwai ya ƙare, kuma akwai wani kwas da ake sa ran tura mu ƙasar waje nan da wata uku in Allah ya yarda, to ofishin fasfo mafi kusa da mu tafiyar awa huɗu ce in hanya ta yi kyau, in kuwa an yi ruwa sai yadda hali ya yi, ga shi ba kullum nake samun izinin barin makaranta ba. Wancan karon da na yi na farko sau uku na je kafin ya fito, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Me zan haɗa tun daga gida yadda zuwa ɗaya ko biyu zai wadatar? Sannan tunda nawa bai mutu ba, ba zan iya tafiya da shi haka ba in na dawo in sabunta a tsanake?

Mai Sarin Kaya:
Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta ƙarshe zan amsa don ita ta taɓa cin ni. Kar ka kuskura. Lissafa da kanka, ranar tafiyarka saura wata huɗu kenan a jikinsa, kuma ƙasashe da yawa sai da sauran wata shida cif suke karɓa, Saudiyya haka, Dubai haka, Cana ma haka. Ni a filin jirgi aka dawo da ni wlh, da jakata da tikiti da komai, 'yan rakiya ko gida ba su kai ba na kira su na ce su juyo, yarinyar da ke teburin kamfanin jirgin ta buɗe fasfon ta ƙirga da yatsa ta miƙo min abina, na yi magiya na yi magiya ta ce Alhaji ba ni ba ce, in muka ɗauke ka can za su dawo da kai kuma kamfani ne zai biya tara. Ƙasashen Turai na Shengen nasu daban ne, wata uku suke so ya rage bayan ranar da za ka bar musu ƙasa, kuma a ce ba a fi shekara 10 da yin fasfon ba, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Amma kai dai ka ɗauka fasfonka ya mutu tun yana saura wata shida, hankalinka zai fi kwanciya.

Uwar Biyu:
Malam ni abin da ya wahalar da ni suna ne, suna kawai. A takardar haihuwa Sa'adatu, a katin ɗan ƙasa Saadatu, a takardun makaranta kuma wani malami ya ga dama ya rubuta Sa'ade tun ina aji ɗaya haka ta bi ni. Na tashi tun asuba da yara biyu, ɗaya a baya ɗaya a hannu, muka isa wajen ƙarfe goma, na bi layi har bayan azahar, da na zo gaban jami'in ko minti biyu bai yi ba ya ce Hajiya waɗannan ai mutum uku ne, wacce daga ciki ke son fasfo. Dariya ya yi, ni kuwa hawaye ne ya cika min ido don na san motar komawa garinmu ƙarfe uku take tashi, in ta wuce sai kwana. Sai da na dawo na yi takardar rantsuwa a kotu, na je aka gyara na katin, na jira gyaran ya hau kwamfutarsu, sannan na sake komawa.

Don haka yau da daddare ka baje takardunka duka a ƙasa, ka bi su harafi bayan harafi, suna da sunan mahaifi da jerin yadda suka zo da ranar haihuwa. Wanda ke cikin birni in an ce masa je ka gyara ka dawo gobe, gobe ce da gaske. Mu gobenmu wata guda ce.

Na yara kuma a nemi takardar amincewar uba da sa hannunsa tun daga gida, da kwafin katinsa. Nan ma na ga wata an mayar da ita.

Mai Kafe:
Anti Uwar Biyu ta taɓo inda nake aiki. Ni nake cike wa mutane fom a garinmu, kusan duk wanda ya yi fasfo a nan ta hannuna ya bi, kuma gsky zan faɗa ko da a kaina ne, rabin matsalar daga wajenmu take fitowa. Mutum zai zo ya miƙo takarda ya ce yaro cike min, ya fita waje yana waya, ni kuma ga mutum biyar suna jira ga netwok yana ɗaukewa, in na juya rana da wata, 03/07 ta koma 07/03, shi kenan an haife shi a Maris maimakon Yuli kuma ba zai sani ba sai ya yi tafiyar awa huɗu. Na taɓa yi wa wani dattijo haka, har yau in mun haɗu kunyarsa nake ji. Ka zauna kusa da mai cikewar, ka karanta allon da idonka kafin ya danna turawa, kuma a sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba na mai kafe ba, don ta nan saƙon ranar zuwa da na karɓa zai shigo.

Game da suna kuma bari in ƙara wani abu da mutane ba su lura da shi. Ku buɗe shafin hoto ku dubi ƙasa, akwai layi biyu masu cike da alamar <<<, kowane layi gurbi 44 ne, shi na'ura ke karantawa a filin jirgi ba rubutun sama ba. Tsarin hukumar jiragen sama ta duniya ne, ICAO, kowace ƙasa shi take bi. A wannan layin babu ƙ babu ɗ babu ɓ, daga A zuwa Z ne kawai da lambobi, ɗan apostirofin nan ma cire shi ake yi, shi ya sa Sa'adatu za ta fito SAADATU, Ɗanladi ya fito DANLADI, wannan ba kuskure ba ne kar ka tayar da hankalinka. Mai dogon suna ma har yanke masa ake yi in gurbi ya ƙare. In za ka sayi tikiti yadda yake a layin nan za ka rubuta.

Baba Mai Ritaya:
Ku yara kun samu sauƙi ba ku sani ba. Fasfona na farko da biro aka rubuta shi, hoton ma manna shi aka yi da gam. Irinsa tun Nuwamba 2015 aka daina karɓa a duniya. To da na je yin wannan na zamani mai ɗan cif na kwamfuta a ciki, sai na'ura ta ƙi karɓar yatsuna. Tun da na bar aiki noma nake yi, fartanya ta cinye zanen tas. Yaron ya danna, ya goge gilashin, ya sake dannawa, ya ce Baba hura musu iska, na hura, ya ce Baba goga a goshinka, na goga, mutane na bayana sai tsaki suke. Da ƙyar huɗu suka hau, ya kira babbansu ya sa hannu aka rubuta cewa sauran ba sa karantuwa. Da na koma sabuntawa sai na huta da gona kwana goma ina shafa mai safe da dare, suka hau ba gardama. Malam kai alli kake riƙewa, shi ma yana busar da hannu, ka kula.

Uwar Biyu:
Hhh Baba Allah ya ƙara lafiya. Mu ma masu wanki da omo kullum haka muke fama.

Baba Mai Ritaya:
Amin 'yata. Ki bar wa yaran wankin sati guda, ki ce doka ce.

Ɗan Acaɓa Mai Digiri:
Ba wanda ya yi maganar 'yan bakin ƙofa. Kana sauka daga mota za su gane kai baƙo ne, daga ƙurar da ke jikinka da yadda kake rungume da fayil, nan take wani zai tare ka yana yallaɓai sabo ne ko sabuntawa, zo in shigar da kai ta ciki yau yau ka gama. Ni na biye wa ɗaya saboda ina tsoron kwana a garin da ban san kowa ba, na ba shi kuɗin fom da na wahalarsa ya kawo min risit mai tambari da komai, na dawo gida ina ta jira, wata biyu shiru, da na koma aka duba aka ce wannan lambar ba ta taɓa shiga kwamfuta ba, wayarsa kuma a kashe. Sai da na sake biya daga farko. Ku biya da kanku ta shafin hukuma, ku tabbata shafin nasu ne don akwai na bogi masu kama da shi sak, ku fitar da risit kwafi biyu ku kuma ɗauke shi a waya.

Mai Sarin Kaya:
Ƙanena ba duka aka taru aka zama ɗaya ba fa. Ni akwai wanda yake min tun da daɗewa, bai taɓa cin min ko sisi ba, kuma ni lokacina ya fi min abin da nake ba shi.

Ɗan Acaɓa Mai Digiri:
Alhaji kai ka san naka shekara da shekaru, ka san gidansa. Malam zai sauka ne a tasha bai san kowa ba, wa zai nuna masa na kirkin a cikinsu? Kuma ko na kirkin ai ba zai dangwala maka yatsa ba, dole ka je da ƙafarka, to me ya rage da zai yi maka wanda Mai Kafe bai yi ba.

Mai Sarin Kaya:
To ai shi kenan, kowa da inda ƙaya ta soke shi.

Nas Ɗin Karkara:
Ni nawa darasin a ranar karɓa ne. Na farko kar ka tashi don kawai ranar da suka rubuta a takarda ta yi, jira saƙo ko ka duba ta intanet ka ga ya fito, na taɓa zuwa a banza aka ce littattafan ba su iso ba. Na biyu, kuma don Allah ku riƙe wannan, in an miƙo maka kar ka sa a jaka ka kama hanya don murna. Tsaya nan gaban tebur ɗin ka karanta komai. Ni sai da na iso gida ƙanwata tana kallon hoton tana min tsiya ta ce Yaya yaushe kika zama namiji, na karɓa na duba wajen jinsi M ne ɓaro ɓaro maimakon F. Da a can na gani a ranar za a karɓe shi a fara gyara, amma sai da na sake neman wanda zai riƙe min aiki, na sake tafiya, na rubuta takardar ƙorafi, na sake jira.

Hoto kuma ga 'yan uwana mata, ba a hana rufe kai ba, amma fuska daga haɓa zuwa saman goshi sai ta fito duka, kuma kar a sa mai launin fari don bangon bayan fari ne sai ki narke a ciki. Tabarau ma cire shi za a ce ka yi a wurare da yawa, Amurka tun 2016 ta hana shi a hoton fasfo.

Malam ka tafi da tsohon fasfon, za su nema, kuma ka ce a dawo maka da shi bayan sun soke shi in akwai biza mai rai a ciki. Ta Amurka misali tana aiki ko fasfon da take ciki ya mutu, haɗa biyun kake yi ka tafi, amma kar a ce za a ɓanɓare ta a mayar cikin sabon, ta lalace kenan.

Ɗan Autan Hajiya:
Tambaya a kan ta Malam. Nawa ya ɓata na kai rahoto wajen 'yan sanda har na fara neman wani, jiya kuma sai ga shi a aljihun tsohuwar jaka. Zan iya ci gaba da amfani da shi in huta da tafiyar?

Mai Kafe:
A'a ɗan uwa, in dai rahoton ya kai ga masu fasfo sun soke shi. Lambar takan shiga rumbun Interpol, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, na takardun tafiya da suka ɓata ko aka sace, tun 2002 suke tara su, in ka miƙa shi a wata iyakar kai za a tsare a matsayin wanda ya tsinci fasfon wani, alhali naka ne da hotonka. Ka tafi da shi ka miƙa musu ka ƙarasa sabon.

Malamin Firamare:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Uwar Biyu na bi maganarki na baje takardu jiya bayan isha'i, kuma kin san me, a tsohon fasfo Mohammed ne a katin ɗan ƙasa kuma Muhammad, shekara nawa ina yawo da su ban taɓa lura ba. Yau na je wajen gyaran katin sun ce in ba su sati biyu, don haka ban cike fom ɗin ba tukuna sai ya fito. Shugaban makaranta ya yarda zai ba ni Talata da Laraba in lokacin ya yi, zan tafi tun Litinin da yamma in kwana wajen wani abokin karatuna in kama layi da sassafe. Baba na sayi man shafawar, yaran ajinmu sai kallona suke ina rubutu da alli a cikin leda.